Ɗakin Injina Babu Waya

Yau da safe sau uku aka tashe ni daga kujera a wani biki, wai ta manyan baƙi ce. A ƙarshe a tsaye na kalli taron, cikin rana, sanye da rigar da na ɗinka wa kaina don Sallah. Kuma wallahi da ba don 'yata ba, da ba a yi bikin ba.

Ruƙayyatu tana aji huɗu a jami'a, injiniyan lantarki take karanta. Ni kuwa tela ne a Gwallameji, iyakar ilimina a lantarki shi ne na san idan an ɗauke. Makaranta ta ba su wata shida su je horon sanin makamar aiki, da littafin da za su riƙa rubuta abin da suka yi kullum. Idan babu sa hannun shugaban wurin da hatiminsa, sai maimaita shekara.

Mun kai takarda ofis bakwai. Ko'ina amsa ɗaya ce: Oga ya tafi taron bita kan koya wa matasa sana'a. Sai maƙwabcina Godfrey, wanda ya yi ritaya yana masinja, ya ce, "Malam Nasiruddeen, ta ƙofar gaba kake bi, shi ya sa. Bari in yi wa Eunice magana." Matarsa ce, tana sayar da abinci a bakin Hukumar Tsara Tsare-tsaren Gobe. Abin da takardar jami'a ta kasa a wata guda, kwanon shinkafa da wake ya yi shi a yini ɗaya.

Ɗalibai goma sha huɗu aka ɗauka, benci ɗaya. Bayan wata biyar na ce ta nuna mini littafin. Yarinyar ba ta iya ƙarya ba, gadon uwarta ne.

"Litinin: na sayo wa Oga masa. Talata: na jira Oga. Laraba: na mayar da masa, ta yi sanyi."

Mai Girma Babban Darakta, Garkuwan Matasa, Allah Ya ƙara masa tafiye-tafiye, da ta kai masa littafin don sa hannu ya ga wannan, sai ya ture shi. Ya ce ta sake rubutawa, ta ce ta yi aiki da injinan da ke ɗakin koyon sana'a na hukumar.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin cikinsa ba," in ji ta.

Ta dawo gida ta ƙi cin abinci. Na ce, "Ki rubuta mana, kowa haka yake yi." Ta ce, "Baba, idan aka tambaye ni launin injin fa?" Na koma kan kekena ina jin kunya.

Sai labari ya zo cewa malaminsu na jami'a zai zo dubawa nan da mako biyu. Nan take aka nemo makullin ɗakin, don a ɗauki hoto. Injina na nan sababbi fil cikin leda, shekara uku da ƙaddamarwa. Ruƙayyatu ta ɗauki filogi tana neman inda za ta soka. Ta zaga bango huɗu. Babu soket, babu makunni, ko waya ɗaya ba a ja wa ginin ba.

Darakta ya ce a kafa kwamiti. Ita kuwa ta ce a ba ta wayoyin da ta gani jibge a sito, da sauran ɗaliban nan da ke gyangyaɗi a benci. Kwana goma sha ɗaya suna fasa bango. Tana dawowa gida fari fat da ƙurar siminti, tana ci kamar manomi, tana ba ni labarin abubuwan da ban gane ko ɗaya ba. Ranar da malamin ya zo, aka tada janareta, ta danna makunni, injin ya yi gurnani. Eunice ta ce har masu gadi sun tsorata.

Shi ne yau aka sake ƙaddamar da ɗakin. Garkuwan Matasa ya yi jawabin minti arba'in kan hangen nesansa. Ya gode wa direbansa, ya gode wa mai ɗaukar hoto. Amma ya sa hannu a littafin, ya buga hatimi har sau biyu, kuma wannan karon abin da ke ciki gaskiya ne.

A hanyar gida Godfrey ya raɗa mini cewa ya ji a kasafin baɗi an ware kuɗin ja wa ginin waya. Na ce wa Ruƙayyatu ta kama bakinta. Kada su zo su cire nata don su samu wurin sa nasu.