Tafarnuwa Uku a Aljihun Kwat

Ba zan taɓa mantawa ba, ranar wata Asabar ce, lokacin ina karatun injiniya a Villeurbanne, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro lissafi. Ni ne idan ɗalibai ƴan gida suka taru ana hirar aljanu da mayu sai in taɓe baki in ce, "Ku dai jiki ne ya zo Faransa, kai yana can ƙauye."

Wata ƙungiyar masu son tsofaffin finafinai a Lyon ta nemi ƴan sa-kai, na ba da sunana don kawai in riƙa shiga kallo. Aikin da ya faɗo kaina shi ne in je Paris in ɗauko wani tsohon ɗan fim a jirgin ƙasa, in kawo shi wurin da za a karrama shi. Shugabarmu ta miƙo min takardar bayaninsa. Ina ganin hoton, na gane fuskar.

Shi ne. Doguwar fuskar nan da kwarmin idon nan. Ina ɗan shekara tara a Maradi na leƙa gidan kallon unguwarmu, na ga mutumin nan ya tashi daga akwatin gawa ya kafa wa wata mata haƙora a wuya. Ban tsaya ganin ƙarshe ba. A wurina maye ne aka kama a kaset, shi ke nan. Sai da fitsarin kwance ya dawo min sabo (tunda na ce zan faɗi gaskiya, ga ta nan), aka yi wata guda ana ɗura min rubutu.

Na kira Inna don mu yi dariya tare. Ita ko murmushi ban ji alamarsa ba.

"Mi ka ce? Mayen nan da ya hana ka kwana za ka ɗaukowa?"

"Inna, ɗan wasa ne fa. Aikinsa ke nan."

"Duk ayyukan duniya ba a ba shi ba sai wannan? Sun ga wani abu gare shi. Ka sa tafarnuwa aljihu. Kak ka ci abin hannunai, kuma kak ka bari shi taka inuwakka."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Washegari na sauka Paris da sauran lokaci, na ratsa kasuwar unguwar Barbès wai in sayi katin waya, sai kawai na tsinci kaina gaban mai kayan miya. Tafarnuwa kai uku na saya. Na ce wa kaina ta miya ce. Ta miya ce, amma a aljihun kwat ta zauna, jaka kuwa tana rataye a kafaɗata.

Da na isa gidan ɗan fim ɗin, wanda ya buɗe min ƙofa wani tsoho ne a rankwafe, da silifas a ƙafa, da butar ban ruwa a hannu. Sai da ya gama shayar da tumatirinsa a baranda sannan muka fita. Muryarsa a sanyaye, "ɗana" yake ce min.

A jirgi ya yi ta ba ni labari. Mahaifinsa mai gyaran takalma ne. Shi wasan barkwanci ya so yi, ya yi shekaru yana yi a dandali, har wani mai shirya fim ya gamu da shi a matakala ya ce wannan fuskar ba ta ba da dariya ba ce. Yana fitowa a maye sau ɗaya, shi ke nan aka rufe masa sauran ƙofofi, sai maye kawai ake ba shi. Ba wanda ya sake ba shi matsayin uba ko likita ko masoyi. Kwanciyar akwati ta lalata masa baya. Ƙawayen ƴarsa ba sa yarda su shigo gidan. Jinin gaske kuwa ko ganinsa ba ya iya yi, ranar da matarsa ta haihu shi aka fitar ranga-ranga.

Ya zaro wasu takardu huɗu rubuce da hannu, ya ce labarin shekarunsa na dandali ne, da na marigayiyar matarsa mai ɗinka masa kayan wasa.

"Shekara hamsin duk inda na je sai a ce in yi fuskar nan. Yau ba zan yi ba. Yau magana zan yi kamar kowa." Ya dafa hannuna. "Ka san abin da ya sa na sake da kai? Tun da muka haɗu ba ka ce in buɗe baki ka ga haƙorana ba."

Wallahi tsohon ya shiga raina. Duk da haka, sau biyu yana miƙo min kek ɗin da ya ƙunso, sau biyu ina cewa cikina ba daɗi. Da muka sauka tashar Lyon, ga rana, na yi ta zagaya shi kamar akuyar da aka ɗaure a turke, don dai inuwata ta faɗi can gefe.

Zauren ya cika maƙil. Na riƙe masa gwiwar hannu muka hau matakala uku na dandali, ana ta tafi. Muna kaiwa sama sandarsa ta suɓuce. Na duƙa da sauri, ni mai ladabi.

Tafarnuwar nan ukun duka suka zubo daga aljihuna. Biyu suka gangara gaban dandali, ɗaya ta mirgina a hankali ta tsaya daidai kan takalminsa.

Aka yi tsit, sai zaure ya fashe da dariya. Ashe a finafinansa da tafarnuwa ake korar sa (ni da na gudu tun farkon fim, ina zan sani? Ashe a wannan magana ɗaya bakin Inna da na Turawa ya zo daidai). Kowa ya ɗauka shiri ne. Shugabarmu har tana ɗaga min babban yatsa daga ƙasa.

Shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya dubi tafarnuwar, ya dube ni, ya ga fuskar mutumin da ba wasa yake ba. Na ga lokacin da ya tuna da kek ɗin. Da ƙasa za ta tsage da na shige da takalmana.

Daga nan ya ɗaga hannu ya kare fuska, ya bankaro baki, ya yi hucin nan na maye yana ja da baya. Mutane suka miƙe tsaye suna ihu. Duk tambayoyin da suka biyo baya na akwati ne da na haƙora. Takardun nan huɗu ba su fito daga aljihunsa ba.

Bayan an watse na same shi a ɗakin baya yana zaune shi kaɗai.

"Faɗa min gaskiya, ɗana. Wasa ne ko tsoro?"

"Tsoro ne, Baba."

Na kwashe komai na faɗa masa, har da rubutun, har da abin da ya jawo rubutun. Ya ɗago ya dube ni.

"Har can garinku?"

"Har can."

"To, aikin dai ya yi kyau ke nan." Ya gyara tabarau, ya zaro takardun. "Zauna. Tunda ka hana su ji, kai za ka ji."

Ya karanta min su duka, ni kaɗai, muryarsa tana rawa a duk inda sunan matarsa ya fito. Ina zaune ina warin tafarnuwa, hawaye na zubo min.

Tun ranar na koyi cewa idan kana tsoron mutum, gara ka faɗa masa tun a jirgi ku yi dariyarku ku biyu. In ka ce wayewa za ka nuna ka cusa abin a aljihu, a gaban jama'a zai zube, kuma a kan ƙafar wanda bai ji ba bai gani ba.