Ranar da na turara babbar rigata da turaren amya

Ko da na manta sunana, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a unguwar Yantala ba, 'yan shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. Lokacin na zo Yamai daga Maradi, ina ƙaramin ma'aikaci a wani biro, wato ofis, ina zaune gidan Kawu Isufu, tsohon malamin lakkol da ya ajiye alli ya rungumi kiwon zuma don sha'awa kawai.

Ban taɓa ganin mutum mai natsuwar Kawu ba. Da bazara ta kai ƙarshe, hadari ya fara leƙowa, sai ka gan shi yana saƙa sababbin amya da ciyawa, yana shafe su da kashin shanu, yana ajiye kaskon ruwa da tsakuwa a ciki don kada zuma su nutse garin sha. Ya ce lokacin ne gida ke cika musu, rabinsu su bi uwarsu su tashi neman wani. Shi ya sa yake turara sabuwar amya da wani haɗi nasa na kakin zuma da jema da ciyawa mai ƙamshin lemo, don in sun tashi su faɗa ciki.

Ni kuwa ba zuma ce a gabana ba, Hadiza ce, 'yar Alhajin da gidansa ke kallon namu. Ranar ce aka ba ni izinin zuwa gaishe da mahaifinta, ga kuma wani mai mobilet, ɗan babur ɗin nan, da ke ta zarya a ƙofar gidan (ni ko keke sai na aro). Na ce to, in ya fi ni ƙarfe, ba zai fi ni ƙamshi ba. Na tarar da kasko a tsakar gida yana hayaƙi mai daɗi, na ɗauka na matar Kawu ne. Na baza sabuwar babbar rigata a kai, na tsuguna har sai da ta sha ta ƙoshi.

Bayan la'asar na fito ina taku ɗaiɗai. Ina isa ƙofar Alhaji, shi da baƙinsa suna kan tabarma, sai na ji wani gunji a sama. Kafin in gama sallama, duhu ya rufe ni. Zuma suka sauka a kafaɗata, suka yi curi har ƙirji. Baƙi suka watse, wani ya bar takalminsa.

Sai ga Kawu tafe da amya a hammata, ba gudu ba gaggawa. Ya sunsuni hannun rigata, ya dube ni.

"Ɗana, kaskona ka hau?"

"Kawu, ka cece ni," na ce, leɓe kawai ke motsi.

"Kada ka motsa. Sun ƙoshi da zuma kafin su taso, ba faɗa ya kawo su ba. Gida suke nema, kai kuma ka yi musu talla."

Wallahi, duk da ina jin ƙafafunsu a wuyana, sai da aikinsa ya burge ni. Da hannu tsirara ya riƙa kwasarsu kamar mai auna gero, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Amma uwar ta shige cikin aljihun gaba ta ƙi fitowa. Ya ce ba makawa, sai a tuɓe rigar. Ya zare ta a hankali ta kaina, ya naɗe, ya tura cikin amya.

Ga ni tsaye gaban surukin da nake nema, daga ni sai wando da wata tsohuwar 'yar shara mai huji a daidai cibiya (ban zaci za a duba ciki ba). Alhaji ya yi dariya har da riƙe bango. Na ce a raina shi ke nan, mai mobilet ya ci. Kunya ta sa na ji ƙwalla ta taho.

Sai Hadiza ta fito daga zaure, ta miƙo mini bargon babanta, tana danne murmushi.

"Sannu, Amya. Ko ɗaya bai harbe ka ba?"

Ko ɗaya. Alhaji ya ce wanda ya iya tsayawa cak zuma na yawo a wuyansa zai iya zama da 'yarsa. Zumar amyar nan aka zuba a furar bikinmu.

Tun daga ranar, ba na tsugunawa kan hayaƙi sai na tambayi wa aka kunna wa. Rigar dai ban sake ganinta ba, sunan kuwa ya zauna: jikokina sun ɗauka Amya ne sunana na yanka.