An Kai Jujin Kakata Labo

Jiya ruwan farko ya sauka garinmu, gefen Gidan Amumune. Ya tarar ba ni da ɗaki. Rami gare ni.

Tun da na bar lise, wato sakandare, a zaure nake kwana, ni da moton yayana. Bana na buga birgin ƙasa, wato tubali, na ce zan ta da ɗaki a ƙuryar gida kafin damina. Maso, maginin da na ɗauka, ya soma haƙa, sai ƙasa ta koma baƙa. Toka, ƙasusuwa, fasassun tukwane, da wata tasa da tsatsa ta cinye. Ashe nan kakata ta yi zamaninta tana zuba shara, aka rufe, aka manta. Maso ya ce bangon da aka ɗora a kan wannan sai ya nutse. A kwashe, a cika da tsakuwa.

Maƙwabcinmu Baba Alkasim ya damƙi ƙasar, ya sansana.

"Ɗana, wannan ai taki ne. Bari in kawo amalanke in raba ka da shi."

Kafin ya ɗaure shanunsa labari ya kai wani biro, ofishin gwamnati, a birni. Sai ga Ranka-ya-daɗe Mai Tsaron Abin da Ya Wuce, da tawaga. Ya ɗaga tasar da yatsa biyu, ya ce wannan tarihi ne. Ko sunan mai tasar bai tambaya ba. Aka kewaye ramin da igiya, aka hana taɓawa sai an gama bincike, aka ci kaji.

Daga baya kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ɗaukar samfuri zuwa labo, ɗakin gwaje-gwaje. Ya yi ta sawu har ramin ya koma fayau. Ma'aikata ne masu himma, ban taɓa musu ba.

Na tambayi Baba Alkasim: "Baba, wai ina labon nan yake?"

"Hanyar Issawane. Na wuce ta wurin. Labo ne mai faɗi, ɗana. An watsa samfurin ko'ina, ruwa kawai ake jira."

Na je biron, na ce tunda tarihin ya tafi, a bar ni in cika ramin. Suka ce ramin ma tarihi ne, kuma sakamako bai fito ba. Sai yaushe? Sai ƙarshen damina.

Gaskiyarsu. Irin wannan sakamako da dami ake ƙirga shi.

Birgina dai bai iya jiran kimiyya ba, ruwan jiya ya soma narkar da shi. Don Allah kada wanda ya kai labari birni. In suka ga tulin, cewa za su yi kufai ne.