Yadda Za Ka Ɗauko 'Yar Maƙwabci a Bidiyo Ranar Tseren 'Yarka

Kai uban da ya sayi sabuwar kyamarar bidiyo saboda ranar wasannin makaranta, matso kusa. Alkawari na yi maka: in ka bi matakan nan kamar yadda mijina Takuma ya bi su bara a nan Okayama, za ka koma gida da hoto garau, har gashin gira ana ƙirgawa. Hoton 'yar wani.

Ga yadda muke a lokacin. 'Yarmu Mitsuki, mai shekara shida, za ta yi tserenta na farko. Yarinya ce mai kunya, wata guda tana gwada gudu a layinmu, roƙonta ɗaya ne: "Baba, ka kalle ni fa." Kakarta kuma tana kwance a Akita, an yi mata aikin ƙugu, tana jiran bidiyo.

Mataki na 1: Sayi wadda ta fi ƙarfinka

Kada ka saurari matarka in ta ce waya ma ta isa. Nemi mai jawo nesa kusa har ninki hamsin, mai hana hoto rawa ko hannunka na karkarwa, mai gane fuskar mutum da kanta. Littafin bayaninta kuwa bar shi a kwali. Abin da yatsa zai iya latsawa, me ya kai ido karanta shi? Takuma ya yi mako guda yana gwaji a kan kyanwar maƙwabta. Kyanwar ta fito da kyau.

Mataki na 2: Yi sammako

Ƙarfe bakwai ake buɗe ƙofar makaranta, saboda haka ka isa da biyar, da shuɗiyar ledarka ta shimfiɗa a hammata. Za ka tarar iyaye maza talatin sun riga ka. Rusuna ku gaisa. Ana buɗewa ka yi tafiyar nan da ba gudu ba ce, tunda makaranta ta hana gudu, amma kowa ya san mece ce. Kafa sandar kyamara mai ƙafa uku daidai inda ake ƙare tsere.

Mataki na 3: Dogara da safa

Yara ɗari biyu, kowa farar riga, gajeren wando shuɗi, hula ja ko fara. Daga nesa kamar ƙwai a kwando. Dabarar iyaye mata ita ce a sa wa yaro safa mai ɗaukar ido, ni kuma na saya mata rawaya.

Nan ina da laifi, amma kaɗan. Na ba da shawarar a gaban mata a filin wasan unguwa, har na faɗi kalar. Ranar wasan, a bakin ƙofar makaranta, matar maƙwabcinmu Kuwabara, uwar Ciyori 'yar ajinsu, ta tare ni da fara'a: "Maman Mitsuki, na bi shawararki." Na duba ƙasa. Rawaya. Kafin a jera yaran na ƙirga masu safa rawaya shida a aji ɗaya.

Na je na sami maigida. "Baban Mitsuki, rukuni na uku, ta biyu daga hagu. Ka ji?"

"Ke dai ki kula da abinci," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Kyamarar nan ta san 'yarta."

Haka ake so ka amsa.

Mataki na 4: Jawo hoto har ƙarshe

Wanda ya sayi ninki hamsin ya yi amfani da goma, ya yi asarar arba'in. Murza har ƙurya, filin duka ya koma kamar leƙen kafar makulli. Bi ƙafafu har ka ci karo da rawaya, ka ɗaga sama. Wani ɗan koren akwati zai fito a allo ya kama fuskar da ke ƙarƙashin hula. Yarda da shi. Kyamara tana gane fuska ƙwarai, wanda ya haifi fuskar ne ba ta sani ba.

Mataki na 5: Buɗe murya

Abin ɗaukar sautin yana kusa da bakinka, to kada ka bar shi ba aiki. Ana harba bindigar tashi Takuma ya fara: "Mitsuki! Haka ne, 'yata! Kada ki tsaya!" Tasa Mitsukin tana gaban kowa.

Ni da ba ni da kyamara, tawa nake kallo. A kwana ta yi tuntuɓe ta faɗi a kan gwiwa. Ta zauna a ƙasa, yara suna wuce ta. Filasta na hannuna, ƙafata ɗaya ta riga ta tsallake igiyar da ta raba iyaye da fili. Sai muryar ubanta ta sake keto filin: "Kada ki tsaya, Mitsuki, saura kaɗan!" Ta ɗago kai tana neman sa. Ta tashi. Tana ɗingishi ta ƙarasa, ita ce ta ƙarshe.

Takuma ya juyo gare ni idanunsa cike da ƙwalla. "Ta zo ta ɗaya."

Na ce, "Wa?"

Mataki na 6: Cika bakinka

Lokacin abincin rana, a kan leda, buɗe ƙaramin allon ka duba aikinka. Sannan ka dubi gwiwar 'yarka. Sannan ka sake duban allon. Takuma ya buɗe baki, "Af, ai wannan ba ta fa..." Na cusa masa dunƙulen shinkafa guda a baki, ban ko gutsura ba.

Mitsuki ta zauna a jikinsa. "Baba, ka gan ni?"

Yana ta tauna.

"Ni na ji ka," ta ce. "Da zan yi kuka, sai ka ce kada in tsaya."

Na ce, "Duk Okayama an ji shi. Ci kazarki."

Mataki na 7: Tace aikinka

Washegari sayi kwalin alewa, ɗauki katin kyamara, nufi gidan Kuwabara ka ba su abinsu. Takuma ya rusuna. Baban Ciyori ya rusuna fiye da shi, ya shiga ciki, ya fito da nasa kwalin alewar da nasa katin.

"Baban Mitsuki, ina shirin zuwa gidanku ke nan. Jiya har na ɗaga ƙafar Ciyori ina neman ciwo, ta ce wane ciwo?"

Ashe shi tamu ya ɗauko tun daga tashi, faɗuwar, ɗago kan, har ɗingishin, hoto ko rawa bai yi ba. Aibunsa ɗaya, yana ta ihun sunan 'yarsa.

A kwamfuta ana raba hoto da sauti. Cire muryarsa, ɗora taka, daidaita su a kan ƙarar bindiga. Za su zauna daram, kamar tare aka haife su.

Kaka ta bugo waya daga gadonta tana jan majina. "Takuma, ashe haka ka iya? Idonka bai bar yarinyar nan ba ko sau ɗaya."

Ya kalle ni. Na kalli rufi.

"Inna," ya ce, "kyamarar ce mai kyau."

Gargaɗi

Ba ruwana in ka bi matakan nan aka rasa wanda ya ɗauko taka bisa kuskure. Ba kowa ke samun maƙwabci mai irin idonsa ba. Ba ruwana da batirin da ya mutu, ko wanda ya latsa jan maɓalli sau biyu ya dawo da minti ashirin na takalmansa. Mitsuki ba ta san komai ba, kuma ba a bakinka za ta ji ba. Bana kyamara tana kan sandarta a buɗe tana ɗaukar filin duka, Takuma kuma zai tsaya bakin igiya da idonsa biyu. Kalar safar bana kuwa, kada ma ka tambaye ni.