Rasuwar Tsohon Sikelin Sashen Aladu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mai Awo na sashen aladu yana sanar da abokan aiki rasuwar amininsa, tsohon sikeli mai allura, wanda ya cika a bakin aikinsa.

Marigayin ya ƙare rayuwarsa a kan tambaya ɗaya: cikin abin da alade ya ci, nawa ya zauna a jikinsa, nawa ya wuce? Da safe ya auna dusar da za a zuba. Washegari ya auna abin da ya fito, bayan an busar da shi a tanda. Bai taɓa yatsina fuska ba. A ɗora masa, ya ce “ƙiii”, allura ta yi ɗan lilo ta tsaya a kan gaskiya. In ya yi nauyin jiki, a ɗan ƙwanƙwasa masa gefe, shi ke nan.

Bai taɓa neman lantarki ba. Bai nemi akwatin gilashi ba, balle a rufe taga don kada iska ta taɓa shi, kamar wani sabon shiga da aka saya wa Mai Kaji a ɗakin da ke kallon nasu. Mai Awo ba ya hassada, kowa ya sani. Yana dai lura ne cewa tun da abin nan mai cewa “tit” ya iso, Shugaban ma'aikatar ya manta hanyar sashen aladu. Da ma an ce sabo turken wawa ne, to shi Mai Awo ya yarda, wawan ne.

Ajali ya zo ranar da Shugaba ya kawo baƙi. Suka wuce ƙofarsa suna toshe hanci, suka yi cincirindo a wajen Mai Kaji, wanda ke ɗora gashin tsuntsu guda a kan na'urarsa ana tafa masa. Abin ya ci Mai Awo, ya ci shi ƙwarai. Ya leƙo ya ce, “Ranka ya daɗe, a zo a ga sikelin maza.” Sai ya sunkuci bokitin kashi ɗanye, wanda ko tanda bai gani ba, ya dire wa marigayin gaba ɗaya. Marigayin ya ce “ƙiii”, ya ce “ƙas”, allura ta kwanta. Baƙin kuwa sun juyo, wannan ba a musu. Mai gyara ya duba ya ce sai haƙuri. Iyalai sun fi zargin bakin mutane.

Ya rasu ya bar tanda, da ludayin ɗiba, da bokitai, da aladu masu ci ba ranar hutu. Ya kuma bar gwajin sabuwar dusa a tsakiya, wanda Shugaba ya ce in awo ya tsaya ko na yini ne, zai miƙa aikin ga ɗakin da ke da kayan aiki.

Mai Kaji ya shigo ta'aziyya da murmushin da bai dace da gidan makoki ba. Ya ce, “Yaya, kada ka damu, ka riƙa kawowa wajena. Ka dai ƙulle kashin a leda, kuma ni zan danna.”

Za a ɗauki marigayin gobe da safe, bayan an ba aladu abinci, zuwa ɗakin ajiya, inda zai kwanta tsakanin karyayyun kujeru. Ana karɓar gaisuwa a gefen tanda. Ba a buƙatar masu zuwa da labarin sabuwar na'ura.

Daga wajen rakiya, Mai Awo zai ɗauki ƙullin ledarsa, ya tsallaka baranda, ya tsaya a ƙofar Mai Kaji ya yi sallama. Ana roƙon jama'a, don girman marigayin, kowa ya kau da kai.