Kwalaben Delbert Hoekstra

Duk yankinmu na gonakin tuffa a Michigan babu mai hannun Delbert Hoekstra. Tun da ya ajiye aikin inshora ya koma dafa haɗin tuffa, wanda ake ɗurawa a kwalba a adana don cusawa cikin gurasar zaƙi. Shekara goma sha ɗaya a jere shuɗin ƙyallen da ake ba zakaran baje kolin gunduma yana ratayuwa a kwalbarsa. Muna ce masa Farfesa, yana kuma amsawa da gaske.

Kwalbar kuwa ta isa a kalla. Yankan tuffa fari tas, kowane a tsaye kamar an kira sunansa. Alƙalan baje koli dai ba sa buɗe murfi, ɗagawa suke su duba a haske su ajiye. Farfesa ya gane haka da wuri: ɗanyar tuffa don kada ta narke, sukari kaɗan don kada launi ya dushe, lemon tsami ninki biyu, sitaci har sai ludayi ya tsaya da kansa.

"Ni da ido nake ɗanɗanawa," yake gaya wa matan coci da suka fara wannan aiki tun bai fara aske gemu ba. "Ku kuna dafawa ne kawai, ni ginawa nake."

Kowace Kirsimeti sai ya bi gida-gida yana raba kwalba. Mu kuma, munafukan Allah ta'ala, mu juye a ɓoye, mu wanke kwalbar, mu mayar masa haɗe da yabo. Marlys Dykema ta fi kowa zuzutawa, ta ce mijinta Orval har lashe murfin yake.

Bana sai yabon ya bi mu har gida. Farfesa ya miƙe a coci ya ce liyafar kaka da haɗinsa za a yi ta kaf, kwalba arba'in sadaka, kuma ya gayyato mai ɗaukar hoton jaridar gunduma. Burinsa ɗaya ne, hotonsa a shafin farko. Arlene matarsa ta ja masa riga.

"Del, ka ɗan buɗe guda mana tukuna."

"Ke Arlene, ana buɗe abin tarihi ne don gwaji?"

Ran liyafa mu sittin muka zauna, kowa da yankansa na gurasar zaƙi. Wallahi abin da ban tausayi. Dattawa na tauna, ido na ruwa, suna gyaɗa kai. Fasto ya ƙara addu'a ta biyu wadda ba ta cikin tsari. Jakunkunan mata suka fara kumbura da yankan da suke ɓoyewa.

Farfesa yana zagaya tebura hannu a baya, yana karɓar gaisuwa, sai mai hoto ta tsayar da shi. "Yallaɓai, ɗan ci loma ɗaya in ɗauka."

Babu hanyar zillewa. Ya yanka da ƙyar, ya kai baki. Tsamin ya kama masa muƙamuƙi, sitacin ya manne masa a dasashi, ya rasa ta haɗiya ya rasa ta tofarwa. Nan take mai hoto ta ɗauka.

Da ya samu lomar ta wuce, sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta kama mu, kowa ya sunkuya kan farantinsa.

"Marlys," ya ce a hankali, "ba ke kika ce Orval na lashe murfi ba?"

Orval, wanda bai taɓa iya ƙarya ba, ya ajiye cokali. "Ni? A'a, Del, awaki ne. Su ma bara shinshinawa suka yi suka wuce."

Burin Farfesa ya cika, hoton ya fito a shafin farko, kumatu a tattare, ido ɗaya a rufe. A bayansa kuwa ga mu nan reras, muna murmushi da bakuna cike.