Babban Yatsan Sarkin Boris

Allah ya yi wa masana'antar rokarmu ta Queensland baiwa da Dakta Warwick Dunstan, Sarkin Boris. A nan ko mai kamfani da sunansa ake kiransa, amma shi in ba ka ce Dakta ba, kurma ne. Shi ya zana boris ɗin da ke juya famfon ruwan oksijin, kuma ba ya bari a manta. Abin alfaharinsa na biyu shi ne tabon ƙugiya a babban yatsansa, wanda wani kifi ya bar masa. Kifin kuwa duk shekara ƙara tsawo yake.

"Boris ɗina ba ya shan mai," haka yake wa sababbin ma'aikata huɗuba. "Maiƙon yatsa ɗaya ya haɗu da ruwan oksijin, injin ya tashi da wuta. Ni ban san kuskure ba, sai dai in ji labarinsa."

Ran Juma'a aka yi gashin naman rago a tsakar gida, ga baƙi daga Canberra. Sarki ya share haƙarƙari huɗu, ya ja baƙin zuwa ɗakin tsabta, inda ake ajiye boris ɗin, don ya nuna musu a lokacin da kowa ke bakin gashi. Safar hannu ai ta yara ce.

Ran Litinin Noelene, wadda ta shekara ashirin tana wanke kayan injin, ta ce boris ya gurɓata, ba za ta sa hannu a yi gwaji ba. Sarki ya hau sama. Ya tara mu duka a ɗakin tsabta, har da mai kamfani.

"Ƙazantarki ce, Noelene! Duk wanda ya taɓa shi, yau zai kwashe kayansa. Ni na faɗa!"

Raina ya ɓaci, don matar nan ko cokalin shayi sau biyu take wankewa. Ita ko sai ta kashe wutar ɗakin, ta kunna wata fitila mai shuɗin haske da ke tona maiƙo. Sai ga shatin babban yatsa ɗoɗar a jikin boris yana ƙyalli, ga tabo ya ratsa tsakiyarsa.

Sarki ya lallaɓa ya tura hannu aljihu.

Noelene ta ce, "Dakta, ashe da gaske kifin nan babba ne. In samo maka kwalin kwashe kaya, ko kana da naka?"